Ramalan Ba-Komai

Akwai wani mutumin Kibiya mai suna Ramalan, a zamanin da aka kawo ajin Yaƙi da Jahilci, ana saura 'yan shekaru a sami 'yancin kai.

Ramalan yana ji, yana magana garau. Amma yayarsa Luba kurma ce, kuma a bayanta ya tashi, don haka hannunsa ya riga bakinsa iya magana. Duk yankin babu mai ji da ya kai shi maganar hannu, shi ma kuma ya san haka.

Da Malam Isiyaku ya buɗe ajin manya a wani zaure, sai ga kurame uku sun zo sun zauna a baya. Malamin bai kore su ba. Ya sa aka nemo Ramalan ya zama tafinta, ya riƙa tsayawa gefen allo yana mayar musu da karatun da hannu.

A cikin kuramen akwai Mato, wani baduku daga Durba. Kawu Baballe ne ya riƙe shi tun yana maraya, kuma tsohon bai ɓoye ra'ayinsa ba, ya ce kai kurma aji aikin baban giwa ne. Mato bai yi musu ba. Ya dai ƙudura a ransa sai ya ci jarrabawa ya kawo takardar shaida, ya rataye ta a zauren Kawu inda kowa zai gani. Kullum da ƙafa yake zuwa, bai taɓa fashi ba.

Ramalan kuwa gwani ne in ya ga dama. Matsalarsa ɗaya, shi ke zaɓar abin da ya kamata kurame su sani.

In karatun baƙi da wasali ne, zai mayar tsaf. Amma in malam ya ratse ya shiga hira, ko aji ya fashe da dariya, Mato ya taɓo shi yana tambayar me aka ce, sai Ramalan ya kaɗa bayan hannu kamar mai korar ƙuda. Ma'anarsa, ba komai. Wani lokaci ya ƙara da alamar "anjima", anjimar da ba ta taɓa zuwa ba.

Al'adar kurame ce su raɗa wa kowa suna da hannu, daga abin da suka fi gani a jikinsa. Malam Isiyaku sunansa shafa gemu. Ramalan sunansa wannan kaɗa hannun. Ya sha ganin suna yi, yana tsammanin kwaikwayonsa suke don sha'awa.

Matarsa Asma'u ta taɓa yi masa magana, da ta ji yana ba da labari yana dariya. Ta ce, "Malam, ai kai ne kunnensu. Kunne kuwa ba ya zaɓe."

Ya ce mata in ya biye wa kowace magana hannunsa sai ya tsinke, kuma su ma ba komai suke ganewa ba.

Ana gab da jarrabawa, wata la'asar Malam Isiyaku ya yi dogon jawabi a kan tsabta da yanke farce da wanke riga. A tsakiyar jawabin ya ce an sauya shiri, mai jarrabawa daga Kano ba zai iso Kibiya ran Alhamis ba, a Rano za a haɗu ran Talata.

Mato ya ga mutane suna kallon juna suna gyaɗa kai. Ya taɓo Ramalan. Ramalan ya gaji, hankalinsa ya riga ya tafi gida. Ya kaɗa hannu, ya yi alamar anjima. Aka tashi, kowa ya kama gabansa, maganar ta fice masa.

Ran Alhamis Mato ya zo da wankakkiyar riga da fensir biyu, shi da sauran kuramen biyu. Suka tarar da zaure a rufe.

Da suka sami Ramalan a ƙofar gidansa, ya ɗan ji kunya, amma bai nuna ba. Ya ce musu baɗi ma shekara ce. Sannan ya kaɗa hannu.

Kawu Baballe bai ga baɗi ba. Kafin damina ta fita ya rasu. Mato bai sake komawa aji ba.

Da zafi ya kama, sanƙarau ya shigo gari. Ya ɗauki waɗanda ya ɗauka, ya kwantar da Ramalan. Allah ya yi da sauran kwana, ya tashi, amma ya tashi cikin shiru. Yana ganin Asma'u tana motsa baki, yana ganin zakara ya miƙa wuya, babu abin da ke isowa. Luba ta daɗe da rasuwa, kuma bai taɓa koya wa kowa a gidan maganar hannu ba.

Mutane ba su yi masa mugunta ba. Suna zuwa gaisuwa, suna zama da shi. Sai dai in hira ta yi daɗi aka yi dariya, ya ce, "Me aka ce?" sai wani ya fara nuna masa, ya ga abin da tsawo, ya kaɗa hannu ya ci gaba da hirarsa.

Ƙanensa ya yi masa haka. Abokinsa na majalisa ya yi masa haka. Ranar da Asma'u ta yi masa, ba da nufi ba, tana sauri tuwo zai kama, ya shiga ɗaki ya ƙi cin abinci. Ya ji zafin abin ƙwarai, don ya san a ina suka gani. Daga nan ya daina fita.

Labari ya kai Durba. Wata ranar kasuwar Rano, sai ga Mato a ƙofar gidan Ramalan. Bai yi dogon zance ba, ya nuna masa ya sa takalmi.

Ya kai shi gindin wata tsamiya a bakin kasuwa, inda kuramen Madachi da Zurgu da na cikin gari suke haɗuwa in ciniki ya lafa. Suka matsa suka ba shi wuri.

Suna zaune sai can aka ga taro yana dariya. Ramalan ya sunkuyar da kai, ya riga ya saba. Mato ya tashi ya je ya duba, ya dawo ya taɓo shi. Ya ba shi labarin tun daga farko: akuya ce ta tsinke, ta sa kai a ƙwaryar mai fura, ƙwaryar ta maƙale, mai akuya da mai fura suna bin ta, kowa yana nuna tasa za a fara ceta. Har yadda zanen mai furar ya saɓule sai da ya nuna. Labarin banza ne, amma bai rage ko kaɗan ba.

Ramalan ya yi dariya, rabonsa da ita tun kafin ciwo. Sai dariyar ta koma hawaye.

Ya ɗaga hannu ya tambayi Mato sunan da suke kiransa da shi, ko da yake yanzu ya gane. Mato ya nuna masa. Ramalan ya ce da hannu, "Ka yafe mini ranar Alhamis ɗin nan."

Mato ya gyara zama ya ce, "Bari in gaya maka duka. Ranar na koma gida, Kawu yana zaure yana jira. Ya dubi hannuna ya ga babu takarda. Ya dafa kaina don tausayi. Ya rasu yana ganin na gwada na kasa. Na daɗe ba na son ganin fuskarka."

Ramalan bai ɗauke ido ba har ya gama.

"Yanzu ka ji duka," in ji Mato. "To ga sauran."

Sai ya ɗaga bayan hannu a hankali, ya kaɗa sau ɗaya. Ba komai.

Da aka sake buɗe aji, Ramalan da Mato tare suka koma, suka zauna a baya kafaɗa da kafaɗa. Asma'u ce ta koyi maganar hannu a wurin mijinta ta zama tafintarsu, kuma sharaɗi ɗaya ya kafa mata kafin darasin farko: ko tari malam ya yi, a faɗa musu ya yi tari.

Darasi: In Allah ya sa ka zama kunnen wani ko bakinsa, amana aka ba ka, ba kai ke da ikon zaɓar abin da ya cancanci ya ji ba. "Ba komai" ɗin da ka faɗa don ka huta, wani da shi zai kwana. Ku tura wa 'yan'uwa, musamman masu zama da kurame, ko Allah zai sa wani ya daure ya ƙarasa labarin da ya fara.