Farar Hular Mai Dafa Rago

Ya 'yan'uwa, an yi wani mutum a garin nan namu na gindin dutsen Helan, mai gidan dafa naman rago. Ba zan ambaci sunansa ba, domin wasunku sun sha romonsa. Musulmi ba sa tambayar wanda ya yanka namansa. Farar hular da ke kansa ta ishe su shaida, kuma da wannan amana yake ciyar da iyalinsa.

Wata rana Duan, mai gonar inabi, wanda ba Musulmi ba ne, ya gayyace shi ɗanɗanar jar giya, domin da naman da yake dafawa za a haɗa ta. Matar mai naman ta ce masa, "Baban yara, me ya haɗa ka da rumbun giya?"

Ya ce, "Ke ba ki san wayewa ba. Ai ba sha ake yi ba. A shaƙa, a kurkure baki, a tofar a bokiti. Kusan alwala ce."

Kun ji fatawar Shaiɗan?

Da ya isa, ya cire hular ya ɗora a cinya, don kada a gane shi. Duan ya yi ta yabon kowace kwalba da shekarar da aka tatse ta. Da aka kawo haƙarƙari, ma'aikata suka kwashe bokitan. Duan ya miƙe ya ce, "Babban yaya, mu ƙafar da kofi!"

Kun san al'adar ƙasar nan: in mai gida ya shanye ya nuna gindin kofinsa, baƙo ba ya ajiye nasa cike. Mutumin ya kurɓe, ya yar da tsinken cin abincinsa, ya sunkuya ɗauka, ya tofar a cikin hular. Tsinken ya faɗi, ya sake faɗuwa, har Duan ya ji tausayinsa ya ce a kawo masa cokali. Tun da cokali ya zo, sai haɗiya.

Ya fito yana gaida kurangar inabi ɗaya bayan ɗaya. Sai ya ji kiran la'asar, ya tuna shi mutumin kirki ne, ya kifa hular a ka, ya nufi masallaci. Jar giyar ta gangaro masa har gemu. Jama'a suka ɗauki salati: "An fasa masa kai!"

Ding, tsohon ladaninmu, ya rungume shi, ya shaƙa, ya sake shi. Ya ce, "Ɗan'uwa, wannan jinin naka na wace shekara ne?"

Ya ce, "Na bara waccan. Ya dace da haƙarƙari ƙwarai."

Daga ranar babu Musulmin da ya sake taka gidan namansa, har ya rufe. Yau lebura ne a gonar Duan, yana binne kurangar inabi in sanyi ya kama don kada ta mutu, kansa babu hula.

Ya 'yan'uwa, duk wurin da sai kun cire hula kafin ku zauna, ba wurin zamanku ba ne. Wanda ya ji kunyar mai gida ya manta kunyar Ubangijinsa, abin da ya ɓoye a cinya shi zai ɗauka a ka.

Allah ya kiyaye mu da ɗanɗanon da ke kai wa ga haɗiya, ya bar mana hulunanmu farare. Amin.