Manomin da Ya Ga Ƙwari Ya Yi Shiru

An yi wani mutum, ya 'yan uwa, manomin auduga, gonarsa na iyaka da ta ƙanensa. Kowace shekara audugar ƙanen ta fi tasa kyau, abin kuwa yana cin sa a rai.

Manoman wurin suna da ƙa'ida. Tun auduga tana ƙarama, duk wanda ya fara ganin ƙwari zai faɗa, a yi feshi rana ɗaya, don kada ƙwarin su sami gonar fakewa.

Wata safiya mutumin nan ya juya ganye, sai ga su maƙale a ƙasansa, 'yan mitsi-mitsi, suna tsotsa. Ya waiga nan, ya waiga can, ya ja bakinsa ya tsuke. Ya goyo tankin feshi ya yi wa tasa ita kaɗai. Ƙanen ya gan shi, ya ce, "Yaya, ƙwari ne?" Ya ce, "Ina! Takin ruwa nake gwadawa."

Subhanallahi! Ciki ɗaya fa!

Tun daga ranar, zama ya gagare shi. Ya kai loma baki, ya ajiye, ya tafi leƙen gonar ƙanen. Yana cikin sahun salla, hankalinsa na bakin iyaka. Da ganyen can ya fara nannaɗewa, har daɗi ya ji. To amma ƙwaro ya san iyakar gona? Suka hayayyafa a can, ƙarfin maganinsa na gushewa suka dawo. Ya sake fesawa, suka sake dawowa. Matarsa ta ce, "Maigida, ka nemi malamin gona mana." To in ya neme shi, ya ce masa me? Ai sai malamin ya tambayi yaushe aka fara gani. Sai mutumin nan ya ninka awon magani, murfi kan murfi, ya fesa da rana tsaka. Ganye ya ƙone ƙurmus.

Shi kuwa ƙanen, da ya gano ƙwarin, ya yi shela, kowa ya fito aka yi feshi tare, audugarsu ta farfaɗo. Ya gama tasa, ya tsallako da tanki a baya zai taya yayansa, ya tarar babu abin fesa wa. Ya fashe da kuka, ya ce, "Yaya, ka yafe mini. Da na gani da wuri, wallahi da na faɗa maka."

Ya 'yan uwa, wannan ita ce hassada. Ta hana shi magana, ta hana shi neman taimako, ta sa ya ƙona gonarsa da hannunsa. Allah ya kiyaye mu da ganin cuta ta nufo ɗan uwa mu yi shiru. Amin.