Tsarabar da Ta Tare Rana

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari da ba sai na kama sunansa ba, ana ce masa Sallau mai sola. Zamanin da sola ta fara shigowa ne, mutane suna ganin faifanta a kan rufin gida suna tsayawa kallo. Sallau ba shi da wani shago na a zo a gani. 'Yar rumfa ce a bakin tasha, sai tsani, sai akwatin kayan aiki. Abin da ya mallaka a duniya sunansa ne: in Sallau ya ce abu zai yi, to zai yi. Da sunan nan yake ci, da shi yake ciyar da iyalinsa. Ku riƙe wannan, jama'a, don a kansa za a jarrabe shi.

A garin akwai wani dattijo, Alhaji Nomau, tsohon direban doguwar hanya. Mutumin kirki ne, hannunsa a sake, sai dai zuciyarsa a kusa take, in yana hira kuwa ka rantse fasinja yake kira. Ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana kai matan mutane ganin danginsu, tasa matar, Hajiya Yalwa, tana gida ana ce mata sai an samu sarari. Da ya ajiye tuƙi sai ya ce to, sararin ya samu. Ya cire kujerun tsohuwar bas ɗinsa, ya sa gado da labule da wurin ajiye tukwane, ya ce zai zaga da ita dangi gari-gari, duk inda suka tsaya nan ne gida. Matsala ɗaya ce. Hajiya tana da ciwon suga, allurarta kuma ba ta shiri da zafi, dole sai da ɗan firji a motar. Firji kuwa sai da batir, batir sai da caji. Shi ya kawo shi rumfar Sallau.

Alhaji ya zo da ƙarfinsa. A ba shi faifan da ya fi kowane girma a kasuwa, a shimfiɗe kan motar kaf. Da wani ne, da ya ce bismillah, ya sayar masa da har abin da ba ya buƙata. Sallau ya ba shi benci, ya hau tambaya. Me da me za a kunna? Firjin wane iri ne? Fanka za ta yini tana juyawa ko sai an tsaya? Alhaji ya ƙosa, ya ce shi wuta ya zo saye, ba asibiti ya zo ba. Sallau ya yi murmushi ya ce ai tela ma sai ya gwada mutum kafin ya yanka yadi. Da ya gama lissafinsa ya ce faifai biyu matsakaita sun wadatar, da batir na daban wanda ba ruwansa da na tayar da inji, don kada firji ya shanye wuta a wayi gari mota ta ƙi tashi.

Ranar haɗawa tasha ta cika da 'yan kallo, domin ba a taɓa ɗora wa mota sola a garin ba. Sallau ya yi aikinsa a natse. Ya ɗaga faifan kaɗan daga rufin don iska ta riƙa ratsawa ta ƙasa. Ya toshe ramukan da ya huda da gam saboda ruwan sama. Ya ja waya mai kauri, ya sa fis kusa da batir, ya kafa kwanturola a bakin ƙofa, wato 'yar na'urar da ke tsare batir kada ya sha caji ya wuce kima, mai 'yar fitila da ke yin kore in wuta tana shiga. Aka kunna, fanka ta juya, firji ya ɗauka. Hajiya Yalwa ta leƙa ta taɓa cikinsa ta ji sanyi, baki har kunne, tana ta sa albarka.

Da za su tashi, Sallau ya matso ya gaya wa Alhaji magana biyu. Kada a ɗora komai a kan faifan, ko da tsumma ne, domin gefe guda in ya rufu wutar sai ta ja baya. Kuma in an tsaya, a tsaya a rana. Alhaji ya ce ya ji. Amma a lokacin yana ce wa wancan Allah ya sa, yana ce wa wannan sai mun dawo, yana danna ham. Kunne ya ji, maganar kuwa a tasha ta tsaya.

To, ku saurara ku ji inda abin ya fito. Ku gaya mini, wane direba ne a ƙasar nan zai ga inuwa ya ajiye motarsa a rana? Shekara da shekaru hannunsa ya saba, da ya hango bishiya sitiyari da kansa yake karkata. Wannan ɗaya ke nan. Na biyu, wa zai je zumunci a sallame shi hannu rabbana? A garin farko ƙanwar Hajiya ta ba su tabarmi da buhun gero. A na gaba aka ba su kabewa da busasshen kifi. Can kuma ƙore da kwandon kaji. Tsarabar dangi ba a mayar da ita, cikin mota kuma gado ne. Sai ina? Sai sama, inda direba ya saba ɗora kaya tun yana yaron mota. Da hadari ya taso aka ƙara da tamfol, aka ɗaure tam.

Suna isa ƙauyen Malam Jibo, yayan Hajiya, fanka ta fara jan jiki ta tsaya, firji ya yi shiru. Hankali ya tashi. Aka nannaɗe allurar aka sa a gindin randa. Alhaji kuwa ya hau faɗa, ya kira sarkin tashar garinsu a waya, aka sa ta a sifika ana tsakiyar majalisa. Ya wanke Sallau tas. Ya ce jabu ya sayar masa, ya ce ya yi wasa da ran matarsa, ya ce duk mai son kansa ya nisanci rumfar nan.

Kafin azahar magana ta gama gari. Wanda ya yi alkawarin a zo a haɗa masa a gida ya aiko cewa a dakata tukuna. Masu zama a bencin Sallau suka koma bencin mai shayi. Abin ya yi masa ciwo, ciwo sosai, domin ya san aikinsa, ya san bai ha'inci kowa ba. Amma da ya tuna akwai allurar baiwar Allah a gindin randa, sai ya rufe rumfa, ya ɗauki akwatinsa, washegari da asuba ya shiga motar ƙauyen.

Tun daga nesa ya gane komai. Ga bas can ta yi luf a ƙarƙashin wani ƙaton durumi a ƙofar gida, kanta ya yi tozo kamar motar cin kasuwa, kaji suna leƙe ta ƙasan tamfol. Dariya ta taso masa, ya danne.

Ga kuma jama'a a zaune: Malam Jibo da dattawan ƙauye a kan tabarma, mata suna saurare ta bayan zana. Kun san mutum a gidan surukai. Alhajin da ke cika tasha da murya, a nan takalminsa a hannu yake shiga, ko ruwa ba ya iya sha a gabansu. Shi ya kawo musu 'yar'uwarsu da alfaharin motar da ba a taɓa gani ba, ga shi ta ba shi kunya. Yana ganin Sallau ya miƙe ya ce, “Ga shi nan. Gaya musu da bakinka abin da ka haɗa mini.”

Ku tsaya nan, jama'a. Magana ɗaya ta ishi Sallau. Ya nuna kan mota ya ce, “Ai na gaya maka.” Shi ke nan sunansa ya fita fes, gaskiya ce kuma, ba wanda zai ƙaryata. Amma dattijon nan zai zama abin dariya a gidan surukansa har ƙarshen ransa, a gaban matarsa, a gaban yara. Maganar ta zo masa har bakin leɓe. Shaiɗan ya ce faɗi mana, ba shi ya fara ba? Sallau ya dubi furfurar Alhaji, ya gane tsoro ne da kunya suke cinsa. Sai ya haɗiye.

Ya durƙusa ya gaida dattawa, sannan ya ce, “Alhaji, akwai abin da na rage a aikina. Na yi wa rana wuri a kan motar nan, ban yi wa tsaraba wuri ba, alhali na san zumunci za ku. A ba ni dama in gyara.”

Ku lura, bai yi ƙarya ba. Cikin gaskiya biyu ya ɗauko wadda nauyinta zai sauka a kansa. Dattawa suka gyaɗa kai, wani ya ce ai tunda ya amsa laifinsa a yi masa afuwa. Alhaji ya ce, “Kun dai ji da kunnenku.” Wannan ta soki Sallau har zuci.

Ya nemo mai walda na ƙauyen, ya roƙi a matsar da motar fili, nesa da busasshen ganye saboda tartsatsi. Suka ƙera kariya, wato ragar ƙarfe ta ɗora kaya, a ƙofar baya. Sannan ya hau sama yana miƙo kaya ɗaya bayan ɗaya: tamfol, kaji, kabewa, gero, tabarmi. Ya jiƙa tsumma ya goge ƙura da kashin kaji.

Alhaji yana tsaye a bakin ƙofa ya harɗe hannu, yana jiran ya ga wayar da za a canja. Sai ya ga 'yar fitilar kwanturola ta yi kore. Ya dubi fitila, ya ɗaga kai ya dubi faifai suna ƙyalli a rana, ya juya ya dubi tulin kaya a ƙasa. Tsohon direba ne, ya san inji. Kafin la'asar fanka ta juya, firji ya ɗauka, shi kuwa jikinsa ya yi sanyi. Ya ja Sallau gefe, ya rage murya, abin da ba a san shi da shi ba.

“Ɗan nan, ka taɓa waya?”

“A'a, Alhaji.”

“Batir fa?”

“Lafiyarsa ƙalau.”

Alhaji ya ce, “Ranar da za mu tashi ka gaya mini magana biyu.”

Sallau ya ce, “Ranar an yi hayaniya da yawa, Alhaji. Ba wanda ya sani sai ni da kai, a bar shi a haka.”

Ashe ba a gama sanin Alhaji Nomau ba. Ya taka har gaban tabarmar dattawa, da muryarsa ta tasha ya ce, “Malam, yaron nan ba shi da laifi ko na ƙwayar gero. Ya hana ni ɗora kaya, na ɗora. Ya hana ni inuwa, na shiga. Ni na rufe wa abin ido da kabewa, sannan na zage shi don bai gani ba.”

Sai Malam Jibo ya fashe da dariya har yana share hawaye, ya ce in haka ne a raba laifin da shi, don shi ya tsaya da kansa yana nuna musu gindin durumi, wai kada motar baƙi ta sha rana. Hajiya Yalwa ta ce daga bayan zana a sa da ita, ita ta ce a ɗaure tamfol da kyau kada gero ya jiƙe. Kowa ya shiga neman kasonsa, gida ya kaure da dariya, Alhaji ya fi kowa. A nan take ya kira sarkin tasha ya ce a sake sa shi a sifika, a tara duk wanda ya ji ta farko. Ya ba da labarin bai rage komai ba, ya nemi gafarar Sallau duniya tana ji. Sallau yana tsaye da tsumma a hannu, farin ciki ya cika shi. Da ya koma gida, bencinsa bai ishi masu jiransa ba.

To jama'a, ga abin da nake so ku tafi da shi. Samun gaskiya ba ya ba ka izinin tozarta ɗan'uwanka. Da Sallau ya ce “ai na gaya maka”, da Alhaji ya kafe, don ba mai son a kayar da shi a gaban surukansa, da an rabu da gaba. Da ya rufa masa asiri, sai dattijon ya samu wurin da zai tsaya ya faɗi gaskiya da bakinsa, mutuncinsa bai zube ba, na Sallau ya ƙaru. Kuma ko da Alhaji ya yi shiru, wanda ake yi dominSa ya gani, kun kuwa san alkawarin da aka yi wa mai rufa asirin ɗan'uwansa.

Mu fa? Kai makanike, mai mota ya ƙi jin shawara ya dawo yana faɗa, sai ka tara masa tasha. Ke uwar gida, maigida ya yi kuskuren da kika hango, sai a gaban yara za ki tuna masa. Kai da ke riƙe da waya, ɗan'uwanka ya zame, kafin ya tashi ka tura wa duniya. Na san a cikinku akwai wanda ya zo wurin nan da “ai na gaya maka” a bakinsa, yana jiran a taru ya sauke wa wani. Gaskiyarka ce, ban musa ba. Amma haɗiye ta, ka je ka gyara abin da ya ɓaci, ka bar wa mutumin ƙofar da zai fito da mutuncinsa. Kai ma akwai ranar da za ka tsaya a gaban taron da ya fi kowane taro, kana fatan kada a faɗi taka. Allah Ya rufa mana asiri duniya da lahira.