Rubutun da Rana Ta Cinye

An yi wani bawan Allah a wani gari, sunansa Nafi'u, sana'arsa tsara shafukan intanet. Su biyu ne gwanaye a wurin aikinsu, shi da Sagiru. Da aka ƙera manhajar da ke gaya wa manoma lokacin saukar ruwa, sai maigidansu ya ba Nafi'u aikin tsara mata shafi. Sagiru ya ce, "Allah ya taimaka," amma a ransa shi ya so a ba aikin. Ku saurara, jama'a, hassada ba ta yin sallama.

Al'adarsu, kafin a saki shafi sai a zauna kowa ya faɗi gyaransa. In gyara ya yi yawa, a karɓe aikin a ba wani. Sagiru ya zo da shirinsa.

"Malam Nafi'u, wannan rubutu ne ko jerin tururuwa? Ga kore a kan kore, sai ka ce miyar kuka. Manomi a tsakar rana me zai gani?"

Aka yi dariya. Nafi'u ya ce, "Na gode, ɗan'uwa. Da saura?"

"Babu."

Alhali da saura. Sagiru ya ga maɓallin sauke manhajar ba ya dannuwa a ƙananan wayoyi, irin waɗanda manoma ke riƙewa. Ya haɗiye maganar. A ransa ya ce, bari a saki shafin ya sha ƙasa, dole a nemo ni.

A zama na gaba sai ga shafi ya sake kama: rubutu manya, baƙi a kan fari. Maigida ya fara yabo, Nafi'u ya ce, "Ranka ya daɗe, idon Sagiru ne. Na je gonar kawuna da wayata, na tarar rana ta cinye rubutun kaf. Ni a inuwa na yi aikina, shi ya tuna da rana. A sa sunansa kusa da nawa."

Sagiru ya kasa ɗaga kai. Ya jefa dutse, an mayar masa da goro. Kuma ramin da ya gina, ga shi yanzu da sunansa a bakin ramin: in shafin ya sha ƙasa, har da shi.

Da aka watse ya bi shi. "Nafi'u, da saura."

Nafi'u bai ce tun yaushe ka sani ba. Kujera ya jawo masa. "Zauna ka nuna mini."

To 'yan'uwa, ku saurara. In an yi maka gyara, karɓi gaskiyar ko da a ƙazamin kwano aka miƙo ta. In kai ne mai gyaran, duba zuciyarka kafin ka duba aikin ɗan'uwanka. Mu nawa ne a nan muke faɗin aibin da zai kunyata mutum, muna ɓoye wanda zai cece shi? Allah ya raba zukatanmu da hassada.