Ranar da Toktosun ya sayi farin cikin yara da alewa

Na rantse ba za ku yarda da wannan ba, amma a kan idona aka yi shi.

Akwai wani direba mai suna Toktosun a ƙauyenmu na kan dutse a Kirgistan. Tare muka gudu daga makaranta, kuma ni na koya masa rabin tsiyar da ya iya. Ba shi da aiki sai cika baki a gaban surukinsa Jirgal, mutumin ƙauyen tsallaken rafi.

Da kaka ta yi, wata Malama Aizada ta zo daga birni don auna jin daɗin yaran ƙauyukan biyu. Tana nuna wa yaro hoton tsani, ta ce ya taɓa inda rayuwarsa take: sama daɗi, ƙasa wahala.

Jirgal ya ce, "Yaranku da ke karatu haƙora na kaɗawa? Ƙasan tsani ma ya fi ƙarfinsu."

Toktosun ya ce, "Kai, tafi can mai kan kabewa! Ka jira sakamako."

Toktosun ya kasa zaune ya kasa tsaye. Ya cika aljihu da alewa, ya tare ƙofar makaranta. "Duk wanda ya taɓa can ƙololuwa, biyu zai samu."

'Yarsa Begimai ta ce, "Baba, ko ta tambaye mu murhun ɗumama ajinmu da ya fashe?"

"Ki ce zafi ma ke damunku."

Haka kuwa aka yi. Yaran tsallake suka faɗi gaskiyarsu, suka ce sanyi na hana su riƙe alƙalami. Namu duk suka taɓa sama.

Da sakamako ya fito, ƙauyenmu ne a sama, Toktosun ya yi ta yawo da mota yana busa wa Jirgal hon. Sai ga babbar mota ɗauke da sabon murhu da gawayi. Ta wuce mu, ta haye gada zuwa makarantar yaran da suka yi kukan sanyi.

Jirgal ya ɗaga masa hannu. "Suruki, ku da kuke cikin daɗi me za ku yi da wuta?"

Daga nan Toktosun ya daina busa hon. Ƙanƙara ta fara zuba, Begimai ta fara tari. Ya je makaranta ya dawo, ya tayar da mota ya kashe, ko shayi ya kasa shanyewa.

Malama Aizada ta dawo don ta ga ƙauyen da ya fi ko'ina murna. Ta tarar da yara cikin aji sun ƙudundune da barguna, iyaye mata sun cika ƙofa.

Ta durƙusa gaban Begimai. "'Yata, ba ke kika taɓa sama ba?"

Yarinyar ta dubi ubanta. "Baba, in faɗa, ko akwai sauran alewar?"

Toktosun ya juya zai sulale, kakar yarinyar ta cafke masa kunne. "Ina za ka, sarkin daɗi? Ka sayar da ɗumin jikokina don ka ƙure surukinka?"

A nan take matan suka yanke hukunci. Shi zai gyara tsohon murhu, kuma kullum da safe shi zai kawo busasshen kashin shanu a motarsa ya hura wuta, har ƙanƙara ta narke. Jirgal bai fasa zuwa kallo ba ko sau ɗaya.

Darasi: Idan aka tambayi yaro halin da yake ciki, ku bar shi ya faɗi gaskiyarsa. Wanda ya rufe bakin yaro don kare girman kansa, yaron ne zai sha wahalar. Ku tura wa iyaye da malamai su karanta.