Yoyon Hita a Gidan Alhaji Mamuda

An yi wani mutum a wani gari, tun zamanin da hitar ruwan wanka ta fara shiga gidajen masu hali. Sunansa Malam Tanimu, gyaran famfo ne sana'arsa. Bawan Allah ne mara hayaniya, daga jakar kayan aikinsa sai masallaci.

'Ya guda Allah ya ba shi, Saudatu. Wata rana tana tsallaka titi, mota ta kwashe ta. Mai motar, wani attajiri Alhaji Mamuda, ya leƙo ta taga, ya ga taron mutane, ya ja motarsa. Malam Tanimu na wurin, ya ga fuskarsa sarai. Kafin a kai asibiti rai ya yi halinsa. Aka kai ƙara, magana ta shiririce. Ko gaisuwar mutuwa mutumin nan bai aiko ba. Ku saurara, jama'a, ko gaisuwa!

Shekaru suka shuɗe. Malam Tanimu ya yi furfura, shi da matarsa Laraba ba su sake samun haihuwa ba.

Rannan da safe aka kira shi aiki wata unguwa. Wata dattijuwa, Hajiya Turai, ta tare shi a ƙofa.

Ta ce, "Malam, ka taimake ni. Bututun hita ke yoyo, ruwan ba ya zama. Maigidan kuwa ɓarin jikinsa ya shanye, ba ya jure ruwan sanyi. 'Ya'yan duk sun watse, ni kaɗai ke jinyarsa."

Hanyar banɗakin ta cikin ɗakin mara lafiyar take. Malam Tanimu ya yi sallama, ya ɗaga kai. Ga mutum kwance, ya rame, baki ya karkace, yawu na zuba a matashi. Alhaji Mamuda ne.

Ya wuce banɗakin.

Ya rufe ruwa, ya kashe wuta, ya hau kujera. Sai ya ga tsatsa ta cinye mahaɗar bututun, ruwa na tsatsafowa. Wannan ƙaramin aiki ne. Amma da ya leƙa bayan hitar sai ya ga abin da ba wanda ya gani: ruwan ya daɗe yana ɗiga kan wayar lantarki, robarta ta zagwanye, ƙarfen na dab da taɓa jikin tankin. In ya taɓa, lantarki zai bi ruwan ya kashe mai wanka.

To, nan Shaiɗan ya zo. Kun san ba ya zuwa da ihu. A hankali ya ce masa, "Bututu aka ce ka gyara. Gyara bututu ka tafi. Wa ya aike ka waya? Shi ma ai gani ya yi ya wuce."

Malam Tanimu ya daɗe tsaye, sufana a hannu. Yana ganin takalmin Saudatu ƙwaya ɗaya a tsakiyar titi kamar yau abin ya faru. Wallahi zuciyarsa ta so. Kada wani ya ce muku ba ta so ba.

Can ya ce, "A'uzu billahi." Ya sake cewa, "A'uzu billahi."

Ya kwance mahaɗar, ya sa sabuwa, ya naɗe ya ɗaure tam. Sannan ya yanke ruɓaɓɓiyar wayar, ya ja wata, ya ɗauke ta daga hanyar ruwa. Ya kunna, ya jira har ruwa ya yi ɗumi, ya tara hannu ya ji lantarki ba ya ja.

Da ya fito, ya tarar da Hajiya tana fama ta ɗaga mijinta, ta kasa.

Ya ce, "Kawo, Hajiya."

Ya rungumo shi kamar jariri, ya kai shi kan kujerar wanka. Fuska da fuska. Alhaji Mamuda ya ƙura masa ido, baki na motsi, magana ta ƙi fita. Ko ya gane shi, ko bai gane ba, Allah kaɗai ya sani.

Hajiya ta ce, "Malam, ka san shi ne?"

Ya ce, "Na taɓa ganinsa. Allah ya ba shi lafiya."

Ya koma gida ya kasa cin abinci. Laraba ta matsa, ya faɗa mata. Suka zauna su biyu a tsakar gida suna kuka.

Kuna jiran in ce an zo an roƙe shi gafara? Ba a zo ba. Kuna jiran in ce ya yi arziki? Bai yi ba. Da jakarsa ya mutu, da baƙin cikinsa. Sai bayan rasuwarsa Laraba ta ba da labarin.

'Yan'uwa, amana ba a kan masoyi ake gwada ta ba. Wata rana Allah zai sa wanda ya cuce ka a tafin hannunka, ba mai kallo, kuma ba sai ka yi komai ba, shiru kawai za ka yi ya halaka. Kai direba, kai mai ba da magani, ke mai dafa wa mutane abinci, ranar tana zuwa. Idan ta zo, ka gyara abin da ka gani, ka bar hukunci ga Mai hukunci. Allah ya ba mu ikon danne zukatanmu.