Farar Rigar Guduma

An yi wani mutum, tela ne, kuma dattijon ikkilisiya. Ba zan faɗi sunansa ba, ya 'yan'uwa, don haka ku daina waige-waige kuna duban telolin da ke zaune kusa da ku.

Shekara talatin da ɗaya mutumin nan yana zama a bencin gaba, gefen taga. Bai taɓa makara ba. Ya san lambar kowace waƙa da ka. Idan fasto ya yi tuntuɓe a karatu, daga inda yake zaune zai gyara masa, da ƙarfi, yadda na bencin baya ma za su amfana. Shi ke ɗinka rigunan mawaƙa da fararen rigunan masu baftisma, duk kyauta. Kowa ya san kyauta ce, domin shi da kansa yake sanarwa.

Amma akwai abin da bai taɓa gaya wa kowa ba. A duk shekarun nan zuciyarsa ba ta taɓa motsawa ba. Yana rufe ido a addu'a, sai ya ga yadin da bai yanka ba. Yana ganin tsofaffin mata suna hawaye a gaban Ubangiji, sai ya ce a ransa, son a gani ne.

Telan nan yana da ƙanwa, ita kuma tana auren wani bakanike da ake kira Guduma. Ba a banza aka sa masa sunan ba. Ƙato ne, mashayi, hannunsa yana riga bakinsa magana. Wata rana tela ya ga idon ƙanwarsa a kumbure, ya tafi gareji ya yi masa faɗa. Guduma ya fito daga ƙarƙashin mota, bai ko goge hannu ba, ya ɗauke shi da mari a gaban direbobi. Tela ya dawo shago da shatin yatsu biyar na baƙin mai a kumatu, yana jin dariyarsu har kwanar titi. Shekara takwas ke nan da yin haka. Zan yi masa adalci: an cuce shi, kuma an cuci ƙanwarsa.

To, wata Laraba da rana janaretan coci ya ƙi tashi, aka kira Guduma. Ya tsuguna a bayan bango, ƙarƙashin taga, yana kwance filogi yana zagin wanda ya ƙera injin. A ciki matan zumunta suna addu'a. Shi da bakinsa ya ce bai ma ji abin da suke faɗa ba. Kawai ya ji kamar an zo an tsaya a kansa, wani wanda ya san duk abin da ya taɓa yi, har wanda matarsa ba ta sani ba, kuma bai kore shi ba. Da matan suka fito, suka tarar da ƙaton nan zaune a ƙasa, sufana a gefe, yana kuka da majina. Ɗaya ta zaci yatsa injin ya cire masa.

Daga ranar Guduma ya sauya. Ya bar kwalba. Ya durƙusa wa matarsa a gaban 'ya'yansu. Ya bi waɗanda ya taɓa duka ɗaya bayan ɗaya yana neman gafara, kuma jerin yana da tsawo. Kada ku ɗauka fushin ya ɓace. Yana nan. Idan direba ya zage shi, za ka ga ya dunƙule hannuwansa, sai ya mai da su baya ya riƙe ɗaya da ɗaya, yana motsa baki har abin ya wuce.

Ya je shagon tela ma. Ya tsaya a bakin ƙofa, hula a hannu, ya ce, “Yaya, na zo ne kan abin da na yi maka.” Tela bai ɗaga kai ba. Ya ƙara taka keken ɗinki har ƙararsa ta rufe maganar.

Kuna tsammani marin ne yake cin tela? A'a. Marin ya tsufa. Abin da ya hana shi sakat shi ne wannan: ni da na yi shekara talatin a bencin gaba, ba a taɓa zuwa mini ba, sai wannan ƙazamin, a bayan bango, a gindin janareta? Ya yanke wa kansa hukunci cewa ƙarya ce. Dole ta zama ƙarya. In gaskiya ce, to shi me yake yi a bencin nan tun yana saurayi?

Bayan shekara guda aka sa sunan Guduma cikin masu baftisma. A taron dattawa tela ya buga tebur ya ce ba da shi ba. Fasto ya bar shi ya gama, sannan ya ce, “Dattijo, abin da ya yi dā duk mun sani. Kawo mana abu ɗaya da ya yi a shekarar nan.” Tela ya lalube, bai samu ba. Ya je wurin ƙanwarsa ya ce ta faɗa masa gaskiya, ai shi ɗan'uwanta ne. Ta ce, “Yaya, gaskiyar ke nan. Ni nake kwana a gidan. Yanzu idan na ji takunsa ba na ɓoye yara.” Ya fita bai yi mata sallama ba.

Tun da babu laifi, sai ya ƙudura zai ƙera shi. Zai fito da tsohon Guduma fili, a gaban ikkilisiya duka, kowa ya gani da idonsa.

Ranar awo ta zo, domin kowane mai baftisma a shagonsa ake auna shi. Guduma ya tsaya ya buɗe hannuwa. Tela ya zagaya masa tef a ƙirji, ya ja har sai da ya shiga nama. Yana awo yana magana ƙasa-ƙasa. Ya ce farin yadi asara ne a jikin wasu. Ya ce ruwan tafkin nan sai an zubar an wanke wurin da sabulu. Ya taɓo mahaifin Guduma da ya mutu a bakin kwata da kwalba a hannu. Yana jin ƙirjin mutumin yana hawa yana sauka a ƙarƙashin tef, ransa yana cewa, yauwa, fito. Guduma ya ce, “Yaya, an gama? Mota na jira na.”

Sai tela ya koma ga abin da ya iya. Ya rage inci biyu a kafaɗa. Ya sassauta zaren keke, ya bi ɗinkin baya da taku mai faɗi, bai ƙulle bakin zaren ba, sama da ƙasa. A ido riga ce lafiyayya. Matarsa, wadda ita ke yi masa guga da kalmasa shekara da shekaru, ta juya rigar ta ce, “Baban yara, wannan ba ka ƙulle ba. Kawo in bi maka.” Ya fizge. “Ke ce tela ko ni?” Ta koma kan gugarta, amma ta gani.

Ya 'yan'uwa, ku tsaya nan. Dattijon ikkilisiya ne zaune a kan keke, yana shirya wa ɗan'uwansa tarko da rigar da za a shiga ruwa da ita cikin sunan Ubangiji. Kuma yana yi yana rera waƙar coci a hanci.

Safiyar Lahadi aka taru a tafkin baftisma da ke bayan majami'a. Mawaƙa a jere, yara a gaba, har direbobin gareji sun zo kallo. Tela ne ke riƙe da tawul a bakin matakala, aikinsa ne kullum. Aka zo kan Guduma. Fasto ya dafa ƙeyarsa ya sunkuyar da shi, sai aka ji ɓaraaat! Rigar ta tsage daga wuya har ƙugu. Da ya ɗago, ta zame ta kafaɗu ta faɗa ruwa, ya tsaya daga shi sai gajeren wando, duk tabon wuƙa da na kwalba a bayansa a fili. Yara suka kwashe da dariya. Wasu manya ma suka rufe baki.

Guduma ya hau matakala rigar a hannu. Tela bai miƙa tawul ba. Ya matso ya ce, yadda na kusa za su ji, “Ga ka yadda kake. Ko yadi ya ƙi ka.”

Guduma ya dubi bakin ɗinkin. Bakanike ne, ya san bambancin abin da ya lalace da abin da aka kwance da gangan. Jijiyar wuyansa ta tashi. Direbobin suka ja da baya, don sun san wannan fuskar. Ya dunƙule hannuwansa. Ya mai da su baya. Sai ya durƙusa a kan siminti, ruwa na ɗiga daga gemunsa, ya ce, “Yaya, na gane. Na cancanci abin da ya fi haka a wurinka. Ka yafe mini marin nan, don Allah.”

Wannan ne tela bai shirya masa ba. Ya shirya a dake shi, har ya zaɓi inda zai faɗi. Ya ga mutumin a durƙushe, fuskarsa da wani kwanciyar rai wanda shi bai taɓa ɗanɗanawa ba, sai wani abu ya tsinke a kansa. Ya ɗaga hannu ya sharara masa mari. Ya ƙara. Ƙarar ta fito tas a jiƙaƙƙen kumatu. Yana ihu, “Tashi ka rama! Munafuki! Tashi ka nuna musu!” Guduma bai tashi ba.

Sai muryar matar tela daga cikin mata, tana kuka: “Da gangan ya yi ɗinkin. Na gani da idona.”

An fito da wani fili ranar nan, amma ba wanda aka yi niyya ba.

Ikkilisiya ba ta kore shi ba, ku riƙe wannan. Fasto ya je har shago ya ce ya sauka daga dattijanta, ya tsaya gaban jama'a ya amsa laifinsa, ya zauna a bencin baya wata uku, shi ke nan. Tela ya ce shi, bencin baya? Ya kwashe littattafansa ya koma wata coci. Can ya ce mawaƙa ba su iya waƙa ba. Ya sake wata, ya ce faston yaro ne. Daga baya ya zauna a gida. Mata suka riƙa zuwa shiru-shiru suna karɓe yadinsu. Wa zai ba da kayansa ga telan da ƙarfin ɗinkinsa ya dogara ga yadda yake jinka a zuciya? Ya hana matarsa zuwa coci, ta ce wannan kam ba zai yiwu ba, suka daina magana a gida ɗaya. 'Ya'yansa suka koma gaishe shi ta waya.

Shekara uku bayan haka jini ya buge shi a kan keke, rabin jikinsa ya mutu. Matarsa ba ta iya ɗaga shi. Wa kuke tsammani yake rufe gareji da hantsi ya zo ya ciccibe shi zuwa banɗaki, ya yi masa wanka, ya juya shi don kada bayansa ya yi gyambo? Wata bakwai Guduma yana yi. Wata bakwai tela yana juya fuska bango, ko sannu babu.

Wata rana, bayan an shimfiɗe shi, sai ya yi magana da karkataccen bakinsa. “Ranar nan, a gindin janareta. Me ka gani?”

Guduma ya ce, “Ban ga komai ba, Yaya. Na dai san yana nan, kuma ban iya ɓoye masa komai ba. Na bar ɓoyewa, shi ke nan. Yanzu ma yana nan. In kana so, mu roƙe shi tare.”

Hawaye ya gangaro daga idon tela mai lafiya. Leɓensa ya motsa. Abin da ya yi shekara talatin yana jin haushin rashinsa ya zo har bakin gadonsa. Ya dubi hannuwan da za su riƙe nasa a addu'ar, faratan da baƙin mai bai gama fita ba. Ya ce, “Kai ne za ka kai ni wurinsa? Kai?” Ya ja numfashi. “Fita mini daga ɗaki.”

Bai sake tambaya ba. Ran Alhamis ta sama ya mutu.

Ni ban san abin da ya wakana tsakaninsa da Mahaliccinsa a numfashin ƙarshe ba, ba kuwa zan yi ƙarya in ce na sani. Amma maganar ƙarshe da aka ji daga bakinsa a kan al'amarin Allah, ita ce na faɗa muku.

Ya 'yan'uwa, ba giya ce ta kashe mutumin nan ba, ba zina ba, ba sata ba. Da ya tarar da ku kuna aikata ɗaya daga cikinsu, shi zai fara kai ƙararku. Girman kai ne ya cinye shi, da baƙin cikin alherin da aka yi wa wani. Yana son Allah ya zo masa, amma ta ƙofar gaba, a kan bencinsa, bisa ga shekarunsa. Allah ba ya bin layin da muka jera masa. Inda ya sami zuciyar da ta daina ɓoyewa, nan yake sauka, kuma inda ya sauka mutum ba ya tashi yadda ya zauna.

Kai da ke nan yau, wane ne wanda in ka ji Ubangiji ya taɓa shi sai ka ji haushi? Ke da ke bencin gaba, yaushe rabon da ki faɗa wa Allah gaskiya? In zuciyarka a bushe take, faɗa masa a bushe take. Kada ka je kana kwance ɗinkin ɗan'uwanka.

Ubangiji ya fasa taurin zuciyarmu tun muna da bakin roƙo. Ya ba mu tawali'un karɓar alherinsa ko ta hannun wanda muka raina ne. Allah ya kiyaye mu da zama a gidansa muna baƙi gare shi, cikin sunan Yesu. Amin.